Me Ke Raya Ƙaramar Ƙungiya, Me Ke Kashe Ta?

Da wuya ka sami unguwa a Kano, ko Zariya, ko Damagaram, wadda ba ta da labarin wata ƙungiya da ta taɓa tashe sannan ta yi shiru. Ta samari masu yashe magudanan ruwa kafin damina, ta tsofaffin ɗalibai, ta 'yan ƙwallo, ta marubuta, ta matan da ke tallafa wa marayu. Kafawa ba ta da wuya. Mutum 10 su zauna bayan la'asar, a zaɓi suna mai daɗin faɗa, a raba muƙamai. Sau da yawa muƙaman sukan kai yawan waɗanda ke zaune, har da mataimakin sakataren yaɗa labarai na biyu. A buga kalanda, a ɗinka anko, a yi bikin ƙaddamarwa, a gayyato babban baƙo mai jawabi da uban taro. Bayan shekara ka tambaya, sai a ce maka ai an kwana biyu ba a zauna ba. Ba wanda ya rushe ta. Daina zuwa kawai aka yi, ɗaya bayan ɗaya.

In an zo neman dalili, amsar da ta fi saurin fitowa ita ce wai mutanenmu ba su da haɗin kai, kowa kansa ya sani. Ni ban gamsu da wannan ba. Mutanen nan dai su ne ke zubin adashi shekara da shekaru ba takarda ba lauya, su ne ke fita gayya, su ne ke haɗa kuɗi su gina masallacin unguwa tun daga tushe har rufi. Da hali ne matsalar, da waɗannan ma ba su yiwu ba. Matsalar tana ga yadda ake gina ƙungiya tun ranar farko, da kuma abin da masu ita suka ɗauka shi ne bunƙasa. Masana halayyar jama'a da na tattalin arziki sun daɗe suna nazarin wannan, kuma abin da suka gano bai yi nisa da abin da tarihinmu ya nuna ba.

A ɗauki Majalisar Taɗi ta Bauchi. Wajen 1943 ne wasu matasa masu ilimin boko suka fara haɗuwa a garin domin muhawara a kan al'amuran jama'a. Cikinsu akwai Malam Sa'adu Zungur, ɗan garin, wanda ya dawo gida bayan ya koyar a Zariya. Akwai Malam Aminu Kano, wanda bai daɗe da kama aikin koyarwa a Makarantar Midil ta Bauchi ba, yana ɗan shekara 23. Akwai kuma Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, shi ma malami a makarantar. Ba da dukiya aka san majalisar ba. Abin da ya riƙe ta shi ne zama a kai a kai, da batun da aka san za a tattauna, da magatakarda mai himma, wato Malam Aminu. Ma'aikatan En'e da malamai suka riƙa zuwa, har da jami'an Turawa. Aka kai ga muhawara a kan tsarin nan na Turawa na mulki ta hannun sarakuna, maganar da a wancan zamani ba a cika yin ta a bainar jama'a ba.

Majalisar ba ta yi tsawon rai ba. Masu rubuta tarihin Malam Aminu sun kawo cewa a wani zama ya jefa tambaya a kan abin da ake dubawa wajen yanke albashin sarki, kuma ba a daɗe ba aka rufe majalisar. Rufewar ba ta yi wa hukuma wuya ba, don tun farko da amincewarta aka buɗe, a inuwarta ake zama. Duk ƙungiyar da ke rige-rigen neman uba mai ƙarfi ta riƙe wannan: wanda ya ba ka ɗakin taro yana iya karɓe mabuɗinsa ranar da maganarka ta daina yi masa daɗi. Amma a dubi inda mutanen suka kai. Malam Sa'adu ya zama babban sakataren jam'iyyar NCNC a 1948. Malam Aminu ya shugabanci jam'iyyar NEPU, wadda mutum 8 ne suka kafa ta a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950. Malam Abubakar ya zama Firayim Minista a 1957. Ba zan ce majalisar ce ta yi su ba, amma a can suka sami fagen tsayawa gaban manya su kawo hujja, a mayar musu da martani, su sake shiri su dawo zama na gaba.

Batun yawa shi ne inda aka fi yin kuskure. Shugaba yakan bugi ƙirji ya ce mambobinsa sun kai 300, alhali ranar aiki mutum 12 ke fitowa, kuma su ne dai 12 ɗin da suka fito bara. Wani injiniyan aikin gona ɗan Faransa, Max Ringelmann, ya auna wannan tun a shekarun 1880, ya wallafa sakamakon a 1913. Ya sa mutane jan igiya, kowa shi kaɗai, sannan a haɗe, yana auna ƙarfin jan. Da suka kai 8 a igiya guda, abin da kowane mutum ke bayarwa ya sauko zuwa kusan rabin abin da yake bayarwa in shi kaɗai ne. Wani zai ce ai rashin daidaita hannu ne, wannan ya ja kafin wancan. To, a 1974 wasu masu bincike a Amurka suka sake gwajin ta wata hanya. Suka ɗaure wa mutum ido, suka sa ya ɗauka akwai wasu a bayansa suna ja, alhali shi kaɗai ne a igiyar. Ƙarfinsa ya ragu duk da haka. Ke nan ba sai mutum ya ƙudura ha'inci ba, jin cewa akwai wasu kaɗai ya isa ya sa hannu ya sassauta. Binciken da ya biyo baya ya nuna inda maganin yake: in mutum ya san za a iya ware nasa ƙoƙarin a gani, sassautawar takan ragu ƙwarai.

Manoman ƙasar Hausa sun riga masanan sanin haka. A gayya ana jeruwa ne, kowa ya kama nasa layin, wanda aka bari a baya kowa na ganinsa, makaɗi kuma na kiran sunan wanda ya yi gaba. Ƙungiyar da ta tashi daga zama a kan cewa "mu duka za mu gyara rijiyar nan" ba ta ɗora wa kowa komai ba. Wadda ta ce wane ne zai sayo siminti kafin Laraba, wane ne zai kira magini, kuma za a karanta sunayensu a zama na gaba, ita ce za ta ga an gyara rijiya.

Akwai kuma wani lissafi mai sauƙi da ba a cika yi ba. Tsakanin mutum 10, in aka ƙirga su bibbiyu, alaƙa 45 ce ke akwai. Tsakanin mutum 30 ta zama 435. In suka kai 100 ta haura zuwa 4,950. Kowace ɗaya daga ciki tana iya zama zumunci, tana kuma iya zama gaba, kuma ba shugaban da zai iya bin diddiginsu duka. Masani ɗan Birtaniya Robin Dunbar ya fito da wani hasashe a 1992 cewa mutanen da ɗan Adam zai iya riƙe alaƙa mai ɗorewa da su ba su wuce wajen 150 ba, daga baya kuma ya nuna cewa a cikin 150 ɗin akwai zobe-zobe: na jiki sosai wajen 5, sai 15, sai 50. Masana na jayayya a kan lambobin har yanzu. Amma ba sai ka yarda da lambar ba kafin ka yarda da abin da ido ke gani. A zaman mutum 20, in wani bai zo ba kowa ya sani, har an san dalili. A taron mutum 100 sai ka yi fashi sau uku ba wanda ya lura, kuma wanda ya yi fashi sau uku ba a leƙa gidansa an tambayi lafiyarsa ba, da wuya ya sake dawowa.

To, in yawa na raunana ƙungiya, yaya za ta bunƙasa? Amsar da ta fi gamsar da ni daga ƙasar Hausa ta fito, daga ƙauyukan Maraɗi. A 1991 ƙungiyar agaji ta CARE ta fara wani shiri da matan karkara a can, aka sa masa suna Mata Masu Dubara. Ba a kawo musu jari daga waje ba. A kan adashin da suka riga suka sani aka ɗora tsarin, aka yi masa gyara. Mata kan haɗu, galibi ba su wuce 30 ba, kuma su ke zaɓen junansu. Suna zama mako-mako, kowa ta yi zubi, kuma maimakon mace ɗaya ta kwashe duka kamar a adashi, sai kuɗin ya taru a asusu, mai bukata ta ci rance ta yi sana'a ta dawo da shi da ɗan ƙarin da su da kansu suka yanke. Wannan ƙarin ya jawo tambayar malamai a wurare da dama, har wasu rukunan suka sauya tsarin don kauce wa riba, amma wannan magana ce ta wata rana.

Abin da ya shafe mu shi ne yadda suka tsare amana. A tsarin da ya kankama daga baya, kuɗin na zama cikin akwatin ƙarfe mai kwaɗo 3. Makullan na hannun mata 3 daban-daban, akwatin kuma na ɗakin wata ta huɗu wadda ba ta riƙe makulli ko ɗaya. Ba a buɗe shi sai a zama, a gaban kowa. A zube kuɗin, a ƙirga da babbar murya, a faɗi jimla, a zama na gaba kuma a tambayi mambobi nawa aka rufe kafin a buɗe a gani. Yawancin matan farko ba su yi karatun boko ba, amma hakan bai hana lissafin fita daidai ba, don kan kowa ya zama littafin ajiya. Wadda ta makara akwai tararta, ƙarama ce, amma ana karɓa. Bayan kamar shekara a fasa asusu, kowa ta ɗauki rabonta, wadda ke son fita ta fita ba faɗa, a sake zaɓen shugabanni, a soma sabon zagaye.

Da labarin ya bazu, matan maƙwabta suka so shiga, ba a buɗe ƙofa rukunin 30 ya koma na 300 ba. Sai a kafa wani rukunin, da akwatinsa da makullansa da shugabanninsa, waɗanda suka ƙware a tsohon su koya wa sabon. Da haka tsarin ya ratsa Nijar, ya tsallaka ƙasashen Afirka da dama har da wajenta, yau miliyoyin mutane ke tara kuɗi ta wannan hanya, kuma har yanzu kowane rukuni ɗan ƙarami ne da ke iya zama a tsakar gida ɗaya. Kumburi daban, ƙiba daban. Ƙungiyar unguwa da ta ga mambobinta sun wuce yadda kowa zai sami damar magana a zama, lokaci ya yi da za ta fitar da reshe mai cin gashin kansa, a riƙa haɗuwa gaba ɗaya sau ɗaya ko biyu a shekara.

Wanda ya karanta aikin Elinor Ostrom zai ga kamar matan Maraɗi take siffantawa, ko da yake ba su ta nazarta ba. Ita Ba'amurkiya ce, mace ta farko da ta sami kyautar Nobel a fannin tattalin arziki, a 2009. A littafinta na 1990 ta bi diddigin al'ummomin da suka shafe ɗaruruwan shekaru suna sarrafa dukiyar tarayya, makiyaya a tsaunukan Suwizalan, dazuzzuka a Japan, ruwan ban-ruwa a Sifen da Filifin, ba tare da sun cinye ta ba. Ta tarar da abubuwa masu kama da juna a wurinsu. An san wane ne ɗan ciki, wane ne ba ɗan ciki ba. Waɗanda doka za ta hau kansu suna da baki wajen yin ta. Masu sa ido daga cikin jama'ar suke, ko kuma jama'ar ce ke iya tuhumarsu. Akwai hanyar sasanta rikici mai sauƙi, ba tsada. Sai kuma wanda na ga an fi sakaci da shi a wurinmu: hukunci hawa-hawa ne, laifin farko gargaɗi ko 'yar tara, sai in an maimaita a tsananta. Mu kuwa ko dai a yi ta kawar da kai saboda kunya da "ai ɗan'uwa ne" har abu ya lalace, ko kuma ranar da haƙuri ya ƙare a kori mutum gaba ɗaya, ya tafi da abokansa biyar, su kafa kishiya.

Sai tambayar da masu kafa ƙungiya ba sa son a yi musu: ni da na shiga, me zan samu wanda wanda bai shiga ba ba zai samu ba? Masanin tattalin arziki Mancur Olson ya gina littafinsa na 1965 a kan wannan. In amfanin aikin zai game kowa, ɗan ciki da ɗan waje, kamar share titi, to mutane da yawa za su gwammace wasu su yi, su kuma su mora. Neman lada na fito da wasu, Allah ya saka musu, amma ba kullum yake riƙe mutum shekara biyar ba. Marubutan Kano na ƙarshen shekarun 1980 da farkon 1990 sun gane haka. Ƙungiyar Raina Kama, wadda su Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu da Ɗan'azumi Baba ke ciki, ta taso ne a lokacin da marubuci ke buga littafinsa da kuɗin aljihunsa. Littattafan 'yan ƙungiyar kan fito da sunanta da jerin littattafan sauran mambobi, don haka kowane littafi talla ne ga 'yan'uwansa. Riba ce da ake iya taɓawa da hannu. Ita ma Tumbin Giwa ƙungiyar wasan kwaikwayo ce kawai a Kano kafin ta fitar da Turmin Danya a 1990, fim ɗin da aka saba ƙirga tarihin finafinan bidiyo na Hausa daga kansa.

Game da rajista, mutane kan sa ta a gaba alhali a baya ya kamata ta zo. Sashe na 40 na Kundin Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya ba kowa 'yancin taro da shiga ƙungiya, ba sai da takardar shaida ba. Rajista na zama dole ne in ƙungiya na son mallakar fili da sunanta, ko buɗe asusun banki irin na ƙungiya, ko karɓar tallafi daga manyan hukumomi. A nan sai a nufi Hukumar Rajistar Kamfanoni, CAC, a ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020. Ana bukatar amintattu aƙalla 2, da rubutaccen tsarin mulki, da sanarwa a jaridu 2, sannan a jira kwana 28 ko wani zai kawo ƙorafi. Bayan nan akwai rahoton shekara-shekara da dole a riƙa kaiwa, kuma sashe na 839 na dokar, wanda ya tayar da ƙura lokacin da aka sa mata hannu, ya ba hukumar ikon dakatar da amintattu a wasu yanayi. Masu tara kuɗi da ba da rance kuwa, hanyar ƙungiyoyin gama-kai ta fi dacewa da su, kuma a ma'aikatar jiha ake yin rajistarsu. A Nijar kuma, wata doka ta 1984 ce ta aza ginshiƙin tsarin ƙungiyoyi. Takarda dai ba ta kiran taro. Akwai ƙungiyoyi da dama da satifiket ɗinsu ke rataye a bango alhali rabonsu da zama an manta.

Saura mutum biyu da kowace ƙungiya za ta haɗu da su. Na farko shi ne attajirin cikinta, wanda ke biyan kuɗin haya da na lemo, sannu a hankali maganarsa ta zama ita ce ƙuri'a. Mutum 28 ɗin da suka buɗe ɗan shagon haɗin gwiwa a garin Rochdale na Ingila a 1844, da yawansu masaƙa, sun toshe wannan ƙofa da ƙa'ida ɗaya wadda ƙungiyoyin gama-kai na duniya ke bi har yau: mutum ɗaya ƙuri'a ɗaya, komai yawan jarinsa. Kuɗin wata-wata kaɗan da kowa ke biya ya fi kyauta mai tsoka daga hannu ɗaya, musamman in hannun na ɗan takara ne kuma zaɓe ya matso. Na biyun ya fi wuyar sha'ani, don shi ne wanda ya kafa ƙungiyar. Ya sha wahala, kowa ya shaida, kuma saboda haka ba mai iya ce masa ya sauka. Littafin mambobi na gidansa, hatimi na aljihunsa, shi ke kiran taro, shi ke rufewa. Ranar da aka yi masa canjin wurin aiki ko ya kwanta ciwo, komai ya tsaya. Wa'adin shugabanci a rubuta shi tun ana ɗasawa, tun ba wanda zai ji kamar da shi ake.

Sabon shiga kuma kada a bar shi a bencin baya yana sauraron tsofaffi na tuna baya. A ba shi wani aiki a zamansa na farko ko na biyu, ko da na kai takardar gayyata ne.

Kiran da zan yi ga samari da 'yan mata da ke shirin kafa ƙungiya a wannan shekara shi ne su ɗage bikin ƙaddamarwa, su ajiye maganar kalanda da anko. Su tsayar da rana guda da wuri guda, su yanke kuɗin da mafi ƙarancin hali a cikinsu zai iya biya, su sayi littafi ɗaya na rubuta wanda ya zo da abin da aka yanke da sunan wanda zai yi, ma'aji kuma ya riƙa ƙirga kuɗi a gaban kowa a kowane zama. In sun yi zama 12 a jere ba fashi, sai su gayyace mu bikin.